Shekara Goma A Akra, Waya Cike Da Hoton Albasa

In ka buɗe wayar ɗan kasuwarmu da ke zaune a Akra, hotuna za ka tarar ɗaruruwa: buhunan albasa, dilar atamfa, rasit, lambar motar da ta ɗauko kaya. Amma ka ce ya nuna maka garin da ya yi shekara goma yana neman abinci a cikinsa, sai ya hau sosa ƙeya. Daga Nima zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa masallaci, shi ke nan. Tsohuwa a gida tana ta tambaya, "Wai yaya garin naku yake ne?" Amsar kullum ita ce, "Lafiya lau, Inna." Alhali gani ya kori ji.

Maganar ta wuce nishaɗi, don gari ba ya jiran kowa. A watan Yulin 2021 aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie aka kai su Adjen Kotoku. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangare na kasuwar gwanjo ta Kantamanto. Wanda ya yi rabin rayuwarsa a irin waɗannan wurare bai ɗauki hoton rumfarsa ba, me zai nuna wa jikokinsa? Yaran da aka haifa a zango kuwa, Akra garinsu ne. Suna da haƙƙin su girma su ga kansu tsaye a cikinsa, riƙe da hannun mahaifinsu.

To, ta ina za a fara? Ranar Lahadi, da kasuwa ta yi sanyi, a ɗebi iyali a nufi filin tunawa da Kwame Nkrumah. A nan ne ya shelanta 'yancin Gana a ranar 6 ga Maris, 1957, a nan kuma kabarinsa yake. An buɗe wurin a 1992, aka sake buɗe shi a Yulin 2023 bayan gyara. Akwai kuɗin shiga, amma akwai inuwa, da ruwa mai tsartuwa da yara ke so. Gaba kaɗan ga ƙofar Black Star, mai baƙin tauraro a samanta. Sai Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, maƙwabcin Nima, wanda aka buɗe a 2021 da ginin salon Turkiyya. Da yawanmu muna Juma'a a cikinsa, amma ba mu taɓa ja da baya mun ɗauko hasumiyoyinsa gaba ɗaya ba.

Zanen bango shi ya fi buƙatar hanzari. Wanda ka gani bana, baɗi rana da iskar teku sun kodar da shi, ko an shafe shi da sabon fenti. Unguwar Jamestown, inda hasumiyar jiragen ruwa mai ja da fari take, ita ce ta yi suna a wannan fanni, don a can aka fara bikin Chale Wote a 2011, wanda ake yi a watan Agusta. Ba sai an je nesa ba ma. Moh Awudu, ɗaya daga cikin fitattun masu zanen bango a ƙasar, ɗan Nima ne. Ka tsayar da yaro a gefen zanen, kada ya rufe shi, kuma in mai zanen ya sa hannu a ƙasa, ka bari sunan ya fito. Haƙƙinsa ne.

Mai son shan iska ya hau mota zuwa lambun Aburi, a kan tudu arewa da Akra, wanda yake nan tun 1890. Layin dogayen itatuwan da ke mashigarsa kaɗai ya isa hoton da za a rataye a falo.

Ba a buƙatar waya mai tsada. A goge idon kyamara da gefen riga, don maiƙon hannu ne ke sa hoto ya yi hazo. A fita da hantsi ko bayan La'asar. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a Akra kusan duk shekara, saboda haka kada a yi nawa. Rana ta kasance a bayan mai ɗauka. In abu ya yi nisa, a taka a matsa, don jawo shi da yatsa ɓata hoto yake yi.

Sai kuma ladabi, wanda shi ne babba. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Kada a ɗaga waya a gaban fadar shugaban ƙasa ta Jubilee House, ko barikin soja, ko shingen 'yan sanda. Abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin hoto, musamman ga wanda takardunsa ba su cika ba. In ka ga mai kaki, ka gaishe shi, ka tambaya. Haka masunta a Jamestown da mata masu sayarwa a Makola: sana'arsu suke yi kamar yadda kake taka. Kai ma ba za ka so wani ya zo rumfarka ya ɗauke ka ba sallama ba. Wanda ya ce a'a, a bar shi. Hoton matarka da 'ya'yanka mata kuwa, a shawarce su kafin a sa a Facebook.

Daga ƙarshe, a adana. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta a cikin trotro. In za ka tura gida ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, don kada ya rage masa kyau. Kowace Sallah a zaɓi guda biyar a kai a wanke, a rubuta wuri da shekara a bayansu. Biyu a ba mai tafiya gida ya kai wa Inna, uku a sa a akwati saboda yara.