Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi

[Sauti: ana murɗa makulli, inji na juyawa, bai kama ba]

Yau shirin namu na masu tsofaffin motoci ne, kuma za mu yi misali da Peugeot 504. Kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya yi ta haɗa ta har zuwa 2006, ga ta nan kuma har yau tana jigilar fasinja da buhuna zuwa kasuwannin ƙauye. Ba ta da kwamfuta, saboda haka kunne da ido ne ke gano ciwonta.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake kashe kuɗi a kan zato. Mota ta ƙi tashi, an sayi batir, ba ta tashi ba, an sayi fulogi, an kwance kafireta, alhali tun murɗawar farko motar ta faɗi inda take ciwo.

To mu saurara. Ka murɗa makulli ka ji shiru, ko ka ji ƙas-ƙas-ƙas, inji bai juya ba. Kunna fitilun gaba, ka sake murɗawa. Idan haskensu ya dushe, wuta ce ba ta isa ba. Amma kada ka yi saurin yanke wa batir hukunci. Duba kawunansa tukuna. Farin garin nan da ke taruwa a kansu yana tare wuta ko da batirin sabo ne. Kwance, ka wanke da ruwan zafi, ka goge har ƙarfe ya fito, ka ɗaure tam. Ka bi kuma wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota, domin tsatsa na cin gindinta ba a lura ba. Idan akwai mita, cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya gaza 12, ya yi sanyi.

Idan kuwa fitilu na nan da haskensu, sai ƙas guda ɗaya kake ji, kik ne abin zargi. Direbobi kan ƙwanƙwasa shi da sifana ya tashi. Yana aiki, amma alama ce ta burushinsa ya cinye, wata rana zai ƙi sam. A tura motar a giya ta biyu. In ta kama, ka san lafiyar inji ƙalau. Tana tashi a auna caji: ya kamata ya kai tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, duba bel da altaneta, in ba haka ba sabon batirin ma zai mutu.

[Kiɗa kaɗan]

Sai ɗaya yanayin, wanda muka ji a farko: inji na juyawa da ƙarfi, amma ya ƙi kamawa. Nan batir da kik sun fita daga zargi. Saura wuta ko mai. Kuma don Allah a daina niƙa kik ba hutu. Daƙiƙa goma ta isa, a bar shi ya huce.

Fara da wuta. Zare wayar fulogi ɗaya, ka sa mata fulogi, ka jingina shi da ƙarfen inji, wani ya murɗa makulli. Kada ka riƙe da hannu, kada kuma a yi wannan kusa da fetur da ya zube. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi muke nema. In babu, buɗe distiributa. Kwantak ɗin ciki yakan ƙone ko ya manne, tazararsa kuwa wajen milimita 0.4 ce kawai. Da damina, laima kan shiga murfin da ya tsage ta sace wutar. Sau da yawa tsumma busasshe ya gama magana. Koyil da kondensa sai bayan an cire waɗannan.

Wuta na nan? Cire matatar iska, wani ya taka totur, ka leƙa bakin kafireta. Ya kamata ka ga fetur ya tsarto. In babu, kada ka amince da allurar tanki, ta tsohuwar mota ba ta cika faɗin gaskiya ba. Bi tiyo zuwa filta da famfon mai. Tsatsar tanki da ruwan da kan biyo man bumburutu su ne suka fi toshe hanya. Wani lokacin kuma mai ne ya yi yawa: wari ya cika, fulogi sun jiƙe. Mayar da cok, taka totur har ƙasa ka riƙe, sannan ka kunna.

Ina roƙon ƙannenmu 'yan koyo a gareji: ku bar zuƙar fetur da baki, ku bar tsiyaya shi a kafireta ana kunnawa. Inji na iya tofo wuta ta nan, fuska kuma tana kusa.

Idan wuta da mai duk sun samu, amma inji na juyawa sakayau ba nauyi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, matsi ya zube, wataƙila gasket ya ƙone. Wannan sai a ja ta zuwa wurin bakanike ya auna kowace silinda kafin a kwance komai.

Nan za mu dakata.