Wayar salula ta sauya yadda ɗalibai ke hutawa a Kazaure

A manyan makarantun masarautar Kazaure da ke arewa maso yammacin jihar Jigawa, wayar salula ta zama babbar hanyar da ɗalibai ke ɗebe kewa idan sun tashi daga darasi.

Yankin ya daɗe da sanin kwamfuta, domin tun a 2001 gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki ta kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa a garin Kazaure, shekarar da wayar salula ta shigo Najeriya.

Baya ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu, a 2021 gwamnatin tarayya ta kafa jami'ar fasaha a Babura, abin da ya ƙara yawan ɗalibai a yankin.

Daga shago zuwa aljihu

A farkon shekarun 2000, sai ɗalibi ya je shagon intanet ya biya kuɗin sa'a guda kafin ya duba saƙonninsa.

A yanzu kuwa hira da abokai a WhatsApp, da kallon gajerun bidiyo a TikTok, da bibiyar wasannin ƙwallon ƙafa na Ingila duk sun koma cikin aljihu.

Haka ma fina-finan Hausa masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara fitowa a 2020, akasari a YouTube ake kallonsu.

Kuɗin data da wutar lantarki

Sai dai kuma kuɗi ne ke tsara wannan nishaɗi. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100.

Wannan ne ya sa ɗalibai da dama ke jiran tsakar dare, lokacin da wasu kamfanoni ke sayar da data da rahusa, domin sauke fina-finai. Daga nan sai a riƙa tura wa juna daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba.

Ɗalibin da ya koma hutu garuruwa irin su Achilafiya, Roni ko Gwiwa kuma, yakan dogara da shagunan cajin waya saboda ƙarancin wutar lantarki.

Abin damuwar shi ne lokacin da data ke da araha shi ne lokacin barci, kuma ɗalibin da ya raba dare yana kallo da wuya ya natsu a darasin safe.

To amma raba ɗalibi da wayar ba abu ne mai sauƙi ba, domin ta cikinta ake tura takardun darasi da sanarwar jarrabawa a zaurukan WhatsApp na kowane aji.