Lamer, Mami Ko Madam: Yadda 'Yan Katako Ke Kiran Mata A Hanyar Kurmi

Duk wanda ya taɓa sauko da shanu daga Ngawi ko Maiganga, ya bi ta Garwa-Bulai ya faɗo Bartuwa, ya san cewa daga nan hanya ba tamu ba ce mu kaɗai. Daga Bartuwa zuwa Abon-Mbang har Yawunde, kafin ka ga motar shanu ɗaya ka ga gurumiye da dama, wato manyan motocin nan masu ɗaukar gumagumai daga kurmi zuwa bakin teku a Duwala ko Kiribi. Tare muke kwana da mutanensu a bakin shinge, tare muke cin abinci a rumfa guda, in gada ta karye kuma tare muke zaman jira. Ko a jirgin ƙasa haka abin yake, domin tun da layin dogo ya isa Belabo a 1969, ya kuma kai Ngaundare a 1974, shanu da katako ke haɗuwa a tashar Belabo. Wasu 'yan'uwanmu ma sana'arsu ke nan, sayen farin katako na ayus a Gabas su haura da shi Kusiri har Njamena.

To, 'yan'uwa, abin da na daɗe ina lura da shi a wurin mutanen nan ba injin zartonsu ba ne, bakinsu ne. A hanyar kurmi, mai sayar maka da abinci mace ce, mai ba ka hayar ɗaki mace ce, sau da yawa ma'aikaciyar da za ta duba takardar lafiyar dabbobi ita ma mace ce. Abin da ya fi wannan kuwa, a yawancin ƙauyukan kurmi gonar rogo da gyaɗa da gwaza ta mace ce, namiji yana can wajen koko. Ke nan ranar da sa ya tsinke ya faɗa gona, da mace za ka yi shari'a. 'Yan katako sun riga mu gane haka, saboda itacen da suke kayarwa a kan gonakin nan yake faɗawa, kuma tun da dokar daji ta 1994 ta ba ƙauyuka bakin magana a kan dajinsu (an sake dokar a 2024), ba mai shiga da inji sai ya nemi shiri da mutanen gari. Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi: ɗan katakon Gabas daban yake kiran mace, na Kumba daban, na Kwango daban.

Mu fara da na yankin Faransanci, wato Gabas da Kudu da Tsakiya, su ne muka fi cuɗanya da su. Mai saran itace daga Yokaduma ko Baturi in ya shiga rumfar abinci ya tarar da mace wadda ta manyanta, "lamer" zai ce mata, wato uwa, ko kuwa "mama". In sa'arsa ce ya ce "maser", 'yar'uwata ke nan. In ta ɗan girme shi amma ba ta isa haihuwarsa ba, ya ce "tantin". A kasuwa kuwa, tsakanin mai saye da mai sayarwa da suka saba, akwai kalmar "aso", wato abokiyar ciniki, kuma ana faɗinta ne don a sami sauƙin kuɗi. Duk waɗannan na cikin gari ne. Amma mutumin nan da ya gama cewa lamer a rumfa, yana isa shingen ma'aikatan daji ya ga mace cikin kaki, sai ka ji bakinsa ya canza: "madam", ko kuma "shef" kamar yadda zai ce wa namiji. Ba ya kuskura ya ce mata mama. Na tambayi wani tsohon direban gurumiye dalili, ya ce macen da ta yi karatu ta ci jarrabawa ta sa kaki, in ka kira ta mama gaban yaranta, ji take kamar ka tuɓe mata kakin ka ɗaura mata zane. Ni dai na ga gaskiyarsa, don na sha ganin takardar da ba ta da aibi ta kwana a shinge saboda kalma ɗaya.

Akwai kuma wani tarko a Faransanci wanda yaranmu ke yawan faɗawa. Harshen yana da "tu" na sa'a da yaro, da "vu" na girmamawa. Yaran da ke raka mana shanu a tasha suka koyi Faransanci, "tu" kawai suka sani. Ɗan katako in ya ce lamer yana iya bin ta da "tu" ba laifi, don ɗa da uwa ne. Amma madam ba ta tafiya sai da "vu". Ka ce madam ka bi ta da "tu", gara ma ba ka ce ba.

Na yankin Ingilishi kuwa, mutanen Kumba da Mamfe da kewayen Buya, hanyarsu daban. Tun da rikici ya ɓarke a can a 2016 zirga-zirgarmu ta ragu ƙwarai, amma masu injin zarto na yankin da yawa sun bazu cikin ƙasa neman aiki, saboda haka za ka same su har Gabas. Su a Burokansu babbar mace "mami" ce. In sun san sunan ɗanta sai su haɗa, mami wane, kamar dai yadda muke cewa maman wane don kada mu kama sunan babba. Wadda ba ta kai nan ba "anti" ce ko "sista". In ana son girmamawa sosai sai a sa "ma" gaban sunanta. Ba'akwere na gindin dutsen Buya kuwa "iya" yake cewa, kamar dai Bahaushe, abin har ya ba ni dariya ranar da na fara ji. Abin lura a nan shi ne, madam ɗin da ke buɗe ƙofa a ofis, in ka faɗa wa tsohuwa mai gona a ƙauye, sai ta ɗauka nesanta kanka kake yi, ko ma ba'a kake mata. Mutumin Kumba ya san haka, shi ya sa ko kuɗi ya zo biya na ɓarna, da mami yake farawa.

Mutanen Duwala suna da "nyango" ta mace da "sango" ta namiji, kuma ana jinsu a tashar katako ta bakin ruwa. Su kuma Bamilike, waɗanda da yawansu ke da motoci da rumfunan katako, suna da wani suna da ya kamata kowane falke ya riƙe: uwar tagwaye "manyi" ce, uban kuma "tanyi", haka ma a yankin Bamenda. In ka ji ana kiran mace manyi, kai ma kira ta haka, don suna ne na alfahari, kuma barinsa ka koma kiran sunan yanka kamar rage mata daraja ne. Amma kada ka ji "mafo" ka ara ka yafa wa kowa. Wannan sarauta ce ta fada, ba a wasa da ita.

Sai direbobin da ke fitowa daga arewacin Kwango, wajen Weso, da na Afirka ta Tsakiya, masu bi ta Yokaduma da Baturi su nufi Duwala. Mai jin Lingala kowace mace "mama" ce a wurinsa, ko budurwa ce. Shi girmamawa yake nufi. Amma na ga 'yar makaranta a Bartuwa ta ɓata rai don an ce mata haka, tana tambaya ko ta yi kama da wadda ta haifi mai gemu. Kalma ɗaya ce, ta tsallaka iyaka ta zama wani abu dabam.

To mu fa? Mu abin da muka taso da shi sananne ne: Hajiya, Malama, Inna, Gwaggo, a Adamawa kuma Dada da Adda da Hajja. Ba mu kama sunan matar aure, ba mu ɗaga ido mu dube ta, wani ma ba zai yi mata magana ba sai ta bakin mijinta. Wannan a gida kunya ce da ladabi. A kurmi kuwa ana karanta shi a matsayin girman kai.

Ga abin da ya same mu wata damina a wani ƙauye tsakanin Bartuwa da Baturi. Motarmu ta lalace, muka sauke shanu don su sha iska, biyu suka kuɓuce wa yara da dare suka shiga gonar rogo. Da safe mai gonar ta zo da adda a hannu, dattijuwa ce, da 'ya'yanta mata a bayanta. Abokin tafiyata, mutum ne mai mutunci wallahi, ya sunkuyar da kai ya ce a kira masa mijinta su yi magana. Ta miƙo hannu ya janye nasa. Da ya ga abin na neman lalacewa sai ya ce mata Hajiya, alhali ga gicciye a wuyanta. Kai, sai wuta ta tashi! A ganinta mutum ya ci mata gona, ya ƙi gaisawa da ita, ya ce ita ba ta isa magana ba sai namiji, sannan ya laƙa mata sunan da ba nata ba. Kuɗin da ta yanka ya kusa kuɗin ɗan maraƙi, kuma ta aika a kira jandarma.

Wanda ya cece mu wani mai awon gumagumai ne, Bafulatanin Ngaundare da ya shekara da yawa cikin 'yan katako. Shi ma ba ya musafaha da mata. Amma da ya iso sai ya cire hula, ya ɗora hannun dama a ƙirji, ya ɗan rusuna, ya ce lamer, ya tambayi lafiyarta da ta yara kafin ya ambaci sa ko rogo. Ya roƙe ta ita da kanta ta shiga gaba ta nuna masa ɓarnar, ya bi ta kunya kunya yana ƙirga gindin rogon tare da ita. Bai nemi miji ba, bai nemi sarki ba. Da suka dawo sai ya ce wa abokina ya ba uwarsa haƙuri, abokina ya ce mama, ta dube shi ta yi tsaki, amma ta sauke addar. Abin da muka biya bai kai rabin na farko ba, muka ƙara mata da gishiri da sabulu, jandarma kuma ba su zo ba.

Daga baya muna shan shayi na tambaye shi yadda yake gane sunan da zai kira mace a garin da bai sani ba. Ya ce shi ba ya riga kowa magana. Yakan tsaya ya ji abin da yaran gari ke kiranta, da abin da sa'o'insa ke kiranta, sai ya ɗauki na sa'o'insa. In ba kowa a wurin, ya dubi shekaru da tufafi: mai kaki ko mai riƙe da biro madam ce, mai furfura ko mai goyo lamer ce ko mami, gwargwadon harshen da ta gaishe shi da shi. Hajiya kuwa yana ajiye ta sai ya shiga Birketiri a Yawunde ko Nubel a Duwala, inda masu ita suke.

Ba duk abin 'yan katako ne abin koyi ba, kada a ce na wanke su. Cikinsu akwai matasa masu kiran kowace yarinya "masheri", wato masoyiyata, wasu har da fito da baki. Wannan tsakaninsu da 'yan matan mashaya ne, kuma ko su yana jawo musu faɗa da samarin gari. Yaron shanu da ya ji ya kwaikwaya, ya sani shi baƙo ne, kuma dabbobin maigidansa ne za a tsare. Iyayen gida su ja kunnen yara tun kafin a bar Garwa-Bulai, musamman a kan "ke!" ɗin nan da suke ƙwala wa mai abinci daga nesa, don ko wadda ba ta jin Hausa tana gane sautin.

Shekarar da ta biyo baya mun sake bi ta ƙauyen. Abokina ya sa direba ya tsaya, ya sauka da ƙullin goro da ɗan kilishi ya tambayi gidan lamer mai rogo. Goron dai ta raba wa maƙwabta, kilishin kuwa ta ɓoye a ɗaki, ta kawo mana ayaba nono guda muka sa a mota.