Tsohon Gidan Bakin Hanya a Kaduna da Sunayen Sassansa

Kaduna ba birni ba ce irin Zariya ko Kano. Ba ta da ganuwa, ba ta da ƙofofi. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin a 1913, a 1917 kuwa aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo ta nan. Saboda haka in an ce tsohon gida a Kaduna, ana nufin abin da bai wuce shekara ɗari da 'yan kai ba. Shi ya sa masu binciken gini sukan wuce ta, su tafi Zariya kallon Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu. A ganina akwai abin dubawa a nan wanda babu shi a can, watau gidan bakin hanya irin wanda akan tarar jefi-jefi a Unguwar Shanu da Kawo da Tudun Wada.

Tsarin wannan gida na Hausa ne sak. Zaure yana fuskantar hanya, da dakali a gefensa, sa'an nan shigifa, sa'an nan tsakar gida da ɗakuna kewaye da ita, madafa da makewayi suna daga ƙurya. Amma filin da ya zauna a kai fuloti ne da aka auna a miƙe, kayan gininsa kuwa gauraye suke. Bango na tubali ne, sai dai a maimakon makuba siminti aka shafe shi da shi. A maimakon azara da ƙasa, katako aka gitta aka buga kwano. Dalili bai ɓuya ba. Daminar Kaduna ta fi ta Kano tsawo da ƙarfi, rufin soro kuwa sai da yaɓe kowace shekara, ga shi mazauna da yawa ma'aikata ne 'yan haya, waɗanda ba su da ruwa da gyaran gidan wani. Jirgin ƙasa kuma, wanda ya kai Kano a 1911, ta nan ya bi, shi ya sauƙaƙa kawo kwano da siminti. Gamin nan yana da aibi: in ruwa ya sami kafa ya shiga tsakanin siminti da ƙasa, sai shafen ya ɓamɓaro, bangon ya jiƙe daga ciki.

Mai nazarin harshe yana iya karanta tarihin gidan daga sunayen sassansa. Zaure da soro da azara da zanko da indararo tsofaffin kalmomi ne. Taga daga Larabci ta fito, ta daɗe da zama 'yar gida. Siminti da bulo da falo da baranda kuwa daga Ingilishi aka aro su. Kwano kuwa sunan abin cin tuwo ne, sunan abin rufe ɗaki ne kuma. Da rufin ya canja sai indararo ya rasa aiki, zanko kuma ya koma ado kawai, har akan ƙera shi da siminti.

Wadda ta fi muhimmanci ita ce falo. Zaure iyaka ne. Nan baƙo namiji yake tsayawa ya yi sallama, nan maigida yake ganawa da shi. Da ciniki ya bunƙasa a bakin hanya, sai aka mai da zaure shago, aka koma karɓar baƙi a falo, wanda yake daga ciki. Ashe ba ɗaki kaɗai aka sake ba, iyakar da ke tsakanin baƙo da iyali ce ta matsa.

Abubuwan da aka adana a Kaduna na mulki ne. Gadar Lugga an ɗauko ta daga Zungeru a 1954. Gidan Sardauna na Hanyar Rabah, inda aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966, ya zama cibiyar binciken tarihi. Ofishin jam'iyyar NPC na Hanyar Ali Akilu ya zama gidan tarihi a 1975. Dokar 1979 ta bai wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ikon kiyaye tsofaffin gine-gine, amma gidan tela ko na ɗan koli, in magada sun sayar, rushe shi ake yi a ta da bene.

Malamin kwalejin horon malamai yana iya aika ɗalibansa biyu-biyu da igiyar awo, su zana taswirar gida ɗaya, su tambayi mafi tsufa a cikinsa sunan kowane sashe, su rubuta yadda ya faɗa, tare da shekarar da aka buga kwano in ya tuna.