Mai Madubi da Marar Madubi: Kwatanci Tsakanin Tsohuwar Kyamarar Gwanaye da Sabuwar Kyamarar 'Yan Koyo



Abin da zan yi magana a kansa yau tambaya ce da ke yawan zuwa daga wurare biyu. Ɗalibi ya tara 'yan kuɗinsa yana so ya fara sana'ar hoto, sai ya tarar da kyamara iri biyu a kasuwa: ga wata ƙatuwa, ta hannu, wadda gwanaye suka yi tashe da ita shekaru goma sha da suka wuce, ga kuma wata 'yar ƙarama sabuwa fil a kwalinta, wadda aka ƙera domin mai koyo. Haka nan jami'in watsa labarai na ma'aikata, an ce ya rubuto abin da za a saya wa ofis, shi ma ya tsaya a wannan mararraba. Na farko guminsa ne zai salwanta in ya yi kuskure, na biyu kuwa dukiyar jama'a ce. Don kada maganar ta zama ta iska, zan ɗauki misali biyu daga kamfani ɗaya: Canon EOS 5D Mark III, wadda ta fito a 2012, da Canon EOS R50, wadda ta fito a 2023.

Asalin Madubin

Kafin a yi kwatanci, wajibi ne mu san abin da ya raba su. Tun ƙarni na goma sha ɗaya Ibn al-Haytham ya bayyana a cikin Kitab al-Manazir yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa, ya zana surar abin da ke waje a jikin bango, kai a ƙasa. Kowace kyamara, har ta cikin wayar da ke aljihunku, wannan ɗaki ce aka ƙanƙanta. An sa gilashi a bakin kafar don ya tattara haske, aka sa abin da zai riƙe surar a madadin bango. A da fim ne ke riƙe ta. Yanzu kuwa wani ɗan allo ne mai jin haske, wanda masu sana'a ke kira sensa.

To, matsalar da maƙera suka daɗe suna fama da ita ita ce, yaya mai ɗauka zai ga ainihin abin da gilashin ke gani, alhali fim ya tare bayan? Dabarar da suka yi ita ce su gicciya madubi a tsakani. Haske ya shigo, madubi ya tunkuɗa shi sama, wani curin gilashi mai kusurwoyi ya miƙe surar, ya kai ta tagar da ake sa ido. In an danna maɓalli, sai madubin ya yi tsalle ya kauce, labule ya buɗe, haske ya faɗa kan fim, sa'an nan kome ya koma mazauninsa. Ƙarar nan da kuke ji a taron manema labarai, rabinta ta madubin ce. Nikon F ta 1959 na cikin waɗanda suka kafa wannan tsari a hannun 'yan jarida. Da aka zo zamanin lantarki, bayan Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar farko marar fim a kamfanin Kodak a 1975, sai aka cire fim aka sa sensa, aka bar madubi inda yake. Irin wannan ita ake ce wa DSLR.

Amma fa sensa ba fim ba ce. Tana iya aiko da abin da take gani nan take zuwa wani ɗan talabijin. Ke nan me ya rage wa madubi? A 2008 kamfanin Panasonic ya fito da Lumix G1, wadda ake canja mata gilashi amma babu madubi a cikinta. Sony ya biyo da mai babbar sensa a 2013, Canon da Nikon suka shigo da ƙarfinsu a 2018. Da aka fid da madubi, tazarar da ke tsakanin gindin gilashi da sensa ta ragu, a wajen Canon, daga milimita 44 zuwa 20. Wannan shi ne babban sirrin ƙanƙantar sababbin.

Girman Sensa da Yawan Ɗigo

Abu na farko da mai talla zai gaya muku shi ne yawan ɗigon hoto. Tsohuwar tana da ɗigo miliyan 22.3, sabuwar tana da miliyan 24.2. Wanda bai sani ba sai ya ce ai magana ta ƙare, ƙaramar ta yi nasara. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Sensar tsohuwar milimita 36 ce a 24, watau daidai da girman fim ɗin da kyamarar Leica ta yaɗa tun 1925. Ta sabuwar kuwa milimita 22.3 ce a 14.9. In kun buga lissafi za ku ga filin ta farko ya ninka na ta biyu sau biyu da rabi da ɗoriya. Ku ɗauka ruwan sama ake tara, wani ya shimfiɗa manyan ƙwarya, wani ya jera ƙananan koko: yawansu kusan ɗaya, amma abin da kowace ƙwarya ta tara ya kusa ninka na koko sau uku. Saboda haka a wurin da haske ya yi ƙaranci, kamar zauren taro da dare ko ɗakin amarya, tsohuwar tana da sauran rinjaye. Haka kuma ta fi iya narkar da abin da ke bayan mutum ya yi dishi-dishi, fuskarsa ta fito ita kaɗai.

Sai dai shekara goma sha ɗaya ba kwana goma sha ɗaya ba ce. An san tsohuwar da wani aibi: in hoto ya yi duhu aka nemi a haskaka inuwarsa a kwamfuta, sai ƙuraje da zane-zane su bayyana. Sensar sabuwar ta fi tsabta a nan. Wannan kuwa ya shafe mu, domin a ranar tsaka ta ƙasarmu, mutum baƙi cikin farar babbar riga da rawani na daga mafi wuyar abin da ake ɗauka: in ka bi rigar, fuska ta nutse, in ka bi fuskar, aikin rigar ya ƙone.

Saiti, Sauri da Bidiyo

A nan ne 'yar ƙaramar ke nuna wa babbar iyakarta. Tsohuwar tana saita hoto da wata na'ura dabam da ke ƙarƙashin madubi, mai gurabe 61, waɗanda suka taru wajen tsakiyar fili. Tun da na'urar saiti dabam take da sensa, wani lokaci sukan saɓa da ɗan kaɗan, sai mai ita ya zauna ya daidaita kowane gilashi da hannu. Sabuwar kuwa da sensar kanta take saiti, kusan ko'ina a cikin fili, tana gane idon mutum ta bi shi duk inda ya juya. Aikin da a da sai an shekara ana koyo, yanzu yaro zai yi shi ran da ya buɗe kwali. Tsohuwar tana ɗaukar hoto 6 a daƙiƙa, sabuwar 12 har zuwa 15, ko da yake takan gaji da wuri in aka matsa mata da manyan hotuna. Sa'an nan mai leƙa tagar sabuwar yana ganin hoton yadda zai fito, da haskensa da duhunsa, tun bai danna ba. Ga mai koyo wannan malami ne da ba ya gajiya.

Wajen bidiyo ma haka abin yake. Tsohuwar ta tsaya a ma'aunin 1080, kuma ba ta bin mai motsi da kanta in ana ɗauka. Sabuwar tana ɗaukar 4K, tana bin fuska, allonta yana juyowa gaba, tana kuma tura hoto zuwa waya ba tare da igiya ba. Ofishin da ake bukatar ya fid da jawabin kwamishina kafin la'asar ya san darajar wannan.

Ƙarfin Jiki, Batir da Amana

To, mu juya ga inda aka ce da tsohuwar zuma ake magani. Gangar jikin tsohuwar ƙarfe ce mai sauƙin nauyi, an toshe gaɓoɓinta don rage shigar ƙura da danshi. Sabuwar roba ce, ba a yi mata wannan tanadi ba. Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ran Hawan Daushe, dawaki suna ta da ƙura, ko ya yi aiki a fili cikin hunturu, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Daɗin daɗawa, in ka cire gilashin tsohuwar, madubi da labule suna kāre sensa. In ka cire na sabuwar, ga sensa nan tsirara tana kallon iska.

Na biyu batir. Tagar tsohuwar ba ta cin wuta, tun da haske ne kawai ke bin madubi, don haka caji ɗaya yana kai ta hoto wajen 950 bisa awon masana'anta. Sabuwar dole sensa da allo su kasance a kunne muddin ana leƙe, ga batirin ƙarami, ba ta kai 500. A garin da wutar lantarki ke zuwa ran da ta ga dama, mai sabuwar sai ya tanadi batir biyu ko uku.

Na uku, kuma a ganina mafi girma ga mai cin abinci da sana'ar, tsohuwar tana da ramin kati biyu, tana iya rubuta kowane hoto a duka biyun lokaci guda. Sabuwar rami ɗaya gare ta. Katin ajiya yakan mutu ba sallama. Ɗaurin aure kuwa, ko rantsar da shugaba, ko bikin yaye ɗalibai, ba a maimaita su don mai hoto ya yi hasara. Akwai kuma wani ɗan tarko: mazaunin fitilar walƙiya na R50 sabon fasali ne, yawancin fitilun da ke hannun masu hoto ba sa aiki a kansa sai an sayi mahaɗi.

Amma ƙarfin nan da kuɗinsa, kuma a wuya ake biya. Tsohuwar da batirinta ta kai giram 950, in ka ɗaura mata gilashin 24-105 da aka saba haɗa ta da shi, ta haura kilo ɗaya da rabi. Sabuwar giram 375 ce, da ɗan gilashinta kuwa kimanin rabin kilo. Kyamarar da nauyinta ya sa aka bar ta a gida ba ta ɗauki kome ba.

Maganar Gilashi

Da yawa sukan ƙare kuɗinsu a kan gangar jiki su manta da gilashi, alhali shi ne idon. Gilashin da ke zuwa da R50, na milimita 18 zuwa 45, in an zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa takan tsuke zuwa f/6.3. Gilashin milimita 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, yana shigar da haske ninki goma sha biyu na wancan. Kun ga ashe sau da yawa abin da ake ɗora wa kyamara laifin gilashi ne. Tsarin gilasan EF na Canon ya faro tun 1987, saboda haka na hannu sun yi yawa a kasuwa. Suna hawa tsohuwar kai tsaye, suna kuma hawa sabuwar in an sa mahaɗi, sai dai ƙanƙantar sensa takan sa na milimita 50 ya yi gani irin na 80. Gilashin sabuwar kuwa ba ya hawa tsohuwar ko ta ƙaƙa. Ku lura da wannan, domin yana nuna inda aka dosa: tun 2020 Canon da Nikon ba su sake fito da babbar kyamarar gwanaye mai madubi ba, hankalinsu ya koma kan marasa madubi. Kayan gyaran tsofaffin za su riƙa ƙaranci a hankali.

Shawara

Ga ɗalibin da zai shiga ɗaukar biki da hoton mutane, wanda bidiyo bai dame shi ba, tsohuwar tana da sauran aiki a jikinta, muddin ya bincika kafin ya biya. An ƙera labulenta don ya buɗe sau wajen 150,000, kuma ana iya karanta adadin da ya riga ya yi da kwamfuta. Ya nemi a nuna masa. Ya ɗauki hoton farar takarda da tsukakkiyar ƙofa ya duba tabo, ya haska gilashi da tocila ya duba fumfuna, ya gwada ramukan kati duka biyu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga mai koyo, da ɗan jarida mai yawo, da duk wanda rabin aikinsa bidiyo ne, sabuwar ta fi dacewa, a haɗa ta da gilashi mai faɗin ƙofa da batir na biyu.

Ga jami'in gwamnati kuwa ina da ƙarin magana. Kayan ofis hannu da yawa ke taɓa su, kuma ana bukatar rasit da garanti, abin da kayan hannu ba su cika zuwa da shi ba. Wannan ya karkata ga sabuwar. Amma kada a rubuta kuɗin kyamara kaɗai a cikin kasafi. A sa na gilashi, da batir, da kati, da jaka, da abin share ƙura, da na horar da wanda zai riƙe ta. Sau nawa muka ga an sayi na'ura mai tsada ta ƙare a cikin kabad saboda cajarta ta ɓata, ko wanda ya iya ta an yi masa canjin wurin aiki? Sa'an nan a tanadi inda za a adana hotunan, da suna da kwanan wata, a wuri biyu. Hoton da ofis ya ɗauka yau shi ne abin da mai binciken tarihi zai nema nan da shekara hamsin, kuma ba zai tambayi ko da madubi aka ɗauke shi ko babu ba. Abin da zai tambaya shi ne, su wane ne a ciki, yaushe aka yi, kuma ina aka ajiye shi.

Shugaban taro, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.