Idan Sankarar Mama Ta Kai Kaluluwar Hammata

Idan likita ya ce miki sankarar mama ta kai kaluluwar hammata, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne shi ke nan, sai jiran lokaci. To ki natsu tukuna. Wannan mataki yana da magani, kuma mata da yawa sun wuce shi suna ci gaba da renon 'ya'yansu.

Kaluluwa wasu ƙananan ƙulullutai ne da ke tace ruwan jiki, suna tare ƙwayoyin cuta. Na hammata su ne mafi kusa da mama, shi ya sa ciwon kan fara sauka a kansu. Idan ƙarin ya yi girma ko ya kama kaluluwa da yawa amma bai wuce nan ba, likitoci kan kira shi mataki na 3, kuma ana yin magani da nufin warkewa. Mataki na 4 shi ne wanda ya kai ƙashi, hanta, huhu ko ƙwaƙwalwa. Shi ma ana danne shi da magani, a rage ciwo, har a ɗauki shekaru. Don haka ki tambayi likita kai tsaye: wane mataki nake?

Sau da yawa ana fara ba da kemo, wato maganin da ake sa wa ta jijiya, galibi duk bayan mako 3, har sau 6 zuwa 8, don ƙarin ya motse. Daga nan a yi tiyata, sannan a yi gashi da na'ura. In gwaji ya nuna ciwon yana girma ne da sinadarin jikin mace, akan ba da ƙwaya irin tamoxifen a sha shekara 5 zuwa 10.

Babban haɗarin shi ne yanke magani a tsakiya. Bayan kemo na biyu ko na uku ƙarin kan ragu, sai dangi su ce ai an warke, ko kuma amai da zubewar gashi su sa ki karaya. Gashi zai dawo bayan an gama. Ciwon da aka bari kuwa yakan dawo da ƙarfinsa. Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar a 2021, ta sa burin a ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu ciwon sun kammala maganinsu. In kuɗi ne matsala, ki nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinki. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara asusun tallafa wa masu sankara marasa ƙarfi a wasu asibitoci, ciki har da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

A lokacin kemo garkuwar jiki kan yi rauni. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ba na shan farasitamol a kwanta ba ne, ki tafi asibiti ko da tsakar dare. Kada ki shayar da jariri a wannan lokaci, kuma ki faɗa wa likita duk wani jiƙo da kike sha.

Bayan an cire kaluluwa, hannun wannan ɓangaren kan iya kumbura ko bayan shekaru, domin hanyar ruwan ta ragu. Ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna a madafa. Ban da ƙaho, tsaga ko sakiya a wurin, ban da awarwaro mai matsewa. Ki riƙa shafa mai, kina motsa hannun yadda aka koya miki. Da zarar ya yi nauyi, ja ko zafi, ki koma asibiti.

Game da ibada, Allah Ya yi wa mara lafiya sauƙi. In likita ya ce azumi zai cutar da ke, ki sha ki rama daga baya. In tsayuwa ta gagara, ki yi salla a zaune. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Ke kuma da kike jinyar uwa, ƙanwa ko abokiyar zama, ki sani ciwon nan ba a ɗaukarsa ta kwano ko shimfiɗa. Ki ci tare da ita, ki raka ta asibiti, ki ɗauke mata girki ranar kemo. Ki tunatar da maigida cewa kulawarsa ma magani ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa kaffara ne, amin.