Jajibere: Yini ne ko dare, kuma yaushe yake farawa?

Duk shekara idan Sallah ta ƙarato, kalmar jajibere kan cika bakunan mutane da kanun labarai. Wasu su ce jajibere, wasu jajiberi, gidajen rediyo da jaridu kuma sun fi rubuta "jajibirin Sallah". Bambancin lafazi ne kawai, ma'anar ɗaya ce: ranar da ke gab da ranar biki. Sai dai da yawan masu amfani da ita a birni sun ɗauka fassarar "daren Sallah" ce, alhali kuwa a lissafin Bahaushe abubuwa biyu ne mabambanta.

Abin da ya raba su shi ne yadda ake ƙirga kwana. A kalandar Musulunci, wadda Hausawa suka daɗe suna bi, sabon kwana yana farawa ne da faɗuwar rana, dare ne ke gaba, yini na biye. Shi ya sa idan dattijo ya ce "daren Juma'a", yana nufin daren da ya biyo bayan yinin Alhamis, kuma shi ya sa ake fara asham tun kafin a ɗauki azumin farko. To, daren Sallah yana cikin ranar Sallah, ya fara daga magariba. Jajibere kuwa shi ne yinin da ya gabace shi, yinin cefane da kitso da ƙunshi da zaryar shagon tela. Agogon ofis, wanda ke sauya kwana da ƙarfe 12 na dare, shi ya cakuɗa su, har aka wayi gari ana kiran yinin da darensa duka jajibere. Ɗan kasuwar da ya yi alƙawarin kai kaya "daren Asabar" ga mutumin ƙauye zai yi wa kansa gata idan ya tambayi wane daren ake nufi.

Yawancin kalmomin da suka shafi bukukuwan addini aro ne daga Larabci: Sallah, Idi, zakka, Arfa. Jajibere ba ta yi kama da ko ɗaya daga kalmomin da Larabawa ke kiran wannan rana da su ba. Misirawa suna cewa waƙfa, wato tsayuwa, daga tsayuwar Arfa, kuma sun faɗaɗa ta har ta haɗa da ranar ƙarshe ta azumi. Turkawa ma sun ɗauki sunan Arfa suka mai da shi arife, suna kiran jajiberen kowane biki da shi. Kunnen Bahaushe kan ji kusanci tsakanin jajibere da fi'ilin jajibo, kamar a "ya jajibo bashi", kuma wanda ya taɓa shiga kasuwa a wannan rana zai ga dacewar hakan. Amma kamannin sauti kaɗai ba ya zama hujjar asali.

Jajiberen Sallolin biyu ba ɗaya suke ba. Na Babbar Sallah sananne ne tun da aka ga watan Zulhajji: ranar 9 ga wata ce, ranar Arfa, don haka kowa na da kwanaki yana shiri. Na Ƙaramar Sallah kuwa ba a tabbatar da shi sai ya wuce. Ranar 29 ga Ramadan kowa na ɗaukarta jajibere, amma idan dare ya yi Fadar Sarkin Musulmi ta sanar ba a ga wata ba, sai a cika 30, a sake wani jajiberen washegari. Haka ta faru a 2024. Gwamnatin Tarayya ta ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu, ba a ga wata ba a daren da ake sa rai, Sallah ta koma Laraba, dole aka ƙara Alhamis 11 ga wata a cikin hutun. Ma'aikata sun samu ranar jajibere kyauta.

Ga ma'aikaci wannan ƙarin hutu ne, amma ga manomin rani a Kura da Bunkure da Garun Malam lissafi ne na riba da asara. Yankin yana shan ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta hanyar manyan magudanan aikin noman rani na Kogin Kano da ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Daga nan ake fitar da kaso mai yawa na shinkafa da tumatir da albasa da ke shiga tukunyar Sallah a Kano da wasu biranen. Shinkafar da matan Kura suka turara aka sussuke tana iya jiran kwana ɗaya ko wata guda a buhu. Tumatir ba ya jira. Wanda ya tsinke shi ya zuba a kwando ya kai Kwanar Gafan da zaton gobe Sallah, idan aka ce an ƙara azumi ɗaya, kayansa za su ƙara kwana a zafin bazara, dillali kuma ya san da haka lokacin da yake taya shi.

Akwai kuma zagayowar shekara. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka jajibere yana yawo cikin yanayi. A 2025 an yi Ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, lokacin da kayan gwari na rani ke kasuwa, Babbar Sallah kuwa ta faɗo 6 ga Yuni, bayan an tashi daga gonakin tumatir ana shirin shinkafar damina. Tsadar da mai cefane ke kuka da ita a kasuwar jajibere ba duka haɗamar ɗan kasuwa ba ce, wani sashe nata daga kalanda yake.

A wannan rana ce kuma aka fi auna zakkar fid-da-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane mutum daga abincin da aka fi ci a gari. Malaman Malikiyya sun halatta fitar da ita kwana ɗaya ko biyu kafin Idi, domin mai karɓa ya samu damar surfe da niƙa. A ƙauyukan da ruwan Tiga ya ratsa, inda a da gero da dawa ne abin awo, yanzu shinkafa ta shiga sahu.

Kalmar ta daɗe da fita daga da'irar Sallah. Ana cewa jajiberen azumi, jajiberen ɗaurin aure, jajiberen Kirsimeti, kuma 'yan jarida sun saba da "jajibirin zaɓe" da "jajibirin sabuwar shekara". A wannan na ƙarshe ma'anar ta karkata gaba ɗaya zuwa dare, domin abin da ake jira shi ne ƙarfe 12, lokacin da a tsohon lissafin Bahaushe sabon kwana ya riga ya yi kusan awa shida da shiga.